Ƙwayar Cuta Mai Sunan Gonar Yaya

Shafi na 14

Masu cewa na jiya ya yi gajere, na ga saƙonninku. Ga na yau.

*

An riga an fara seminar lokacin da Auta ya samu ya zauna.

Ba ofis ya zauna ba. Ɗan ɗakin ajiya ne a jikin ɗakin gwaji, inda ake jibge kwalayen safar hannu da kujerun da suka karye. Duk ginin nan, a nan kawai intanet ba ya yankewa. Ya ɗora kwamfutar a kan kwali biyu don kyamarar ta daidaita da fuskarsa, ya rataye farar riga a bayansa ta rufe tarkacen.

A kan allon, wata matashiya daga wata ƙasa tana bayanin ƙwayar cutar da sauro ke ɗauka. In ta gama, shi ne.

Seminar ta matasa ce, masu fara binciken ƙwayoyin cuta. Duk mako ake yi ta intanet, a ba mutum biyu dama su nuna abin da suka gano, manya na kallo daga ko'ina. Tun bara Auta yake tura sunansa. Sai wannan karon aka kira shi.

Aka turo ƙofa. Tabarau ne, abokin aikinsa, da gilashinsa a kan hanci kamar kullum.

"Dakta, ka yi baƙo."

"Ka ce ba na nan."

"Na faɗa. Ya ce shi ya yi maka wankan jarirai, ya san lokacin da kake nan. Mai gadi ma ya haƙura da shi."

Kafin Auta ya miƙe, Yaya ya ture Tabarau da kafaɗa ya shigo.

Idon Auta bai fara sauka a fuskarsa ba. A ƙafarsa ya sauka. Dogon takalmin roba, da busasshen kashin kaji a gefe.

"Yaya, da takalmin gona ka shigo nan?"

"Au, takalmina ne ya dame ka?"

"Tabarau, don Allah a wanke barandar nan da magani. Tun daga bakin ƙofa."

Tabarau ya dubi wan, ya dubi ƙanin.

"Ni dai da karatu na zo, ga shi na koma goge-goge," ya ce, ya ja musu ƙofa.

Yaya ya zaro waya daga aljihu, ya miƙa ta har tana kusan taɓa hancin Auta.

"Karanta min."

"Yaya..."

"Ai kai ne mai boko. Karanta."

Fostar seminar ce. Hoton Auta da farar riga, yana murmushin da mai hoto ya tilasta masa. A ƙarƙashi, taken jawabinsa: sabon nau'in murar tsuntsaye a kajin gona. Sai sunan ƙwayar cutar a jere, yadda ake rubuta shi. Kaza. Albarkar Umma. Lamba. Shekara.

Albarkar Umma.

Sunan da ke rubuce da koren fenti a ƙofar gonar Yaya. Sunan da ke jikin kowane kiret na ƙwansa.

Auta ya sake karanta taken.

"A ina ka samu wannan?"

"A guruf ɗin masu kiwon kaji. Tun da safe ake yawo da shi. Wani ya turo min ya ce, barka, ƙaninka ya yi maka talla kyauta."

Auta ya koma ya zauna a hankali.

Ranar da kajin Yaya suka fara mutuwa, zankonsu ya yi baƙi, fuska ta kumbura, shi Yaya ya kira. Ya ce zo ka duba min, amma tsakaninmu. Auta ya je da tsinken auduga, ya goga a maƙogwaron kajin, ya saka a 'yan kwalabe. Abu na farko da Farfesa take koya wa duk wanda ya shigo ɗakin gwajinta shi ne, kada ka ɗaga ƙafa daga inda ka ɗauki samfur sai ka rubuta sunan wurin a jikin kwalbar. Ya ɗaga kai, ya ga allon ƙofa, ya rubuta.

Daga kwalba sunan ya hau ɓawon ƙwan da ya raini cutar a ciki. Daga ƙwai ya shiga na'ura. Daga na'ura ya shiga kwamfuta. Haka al'adar aikin take, ƙwayar cuta tana cin sunan inda aka samo ta. Ya rubuta sunan nan safe da yamma har ya daina ganin gonar wansa a ciki. Ya zama sunan abin da ke cikin firiza kawai. Da masu seminar suka nemi take, ya kwafa ya tura.

"Ban lura ba, Yaya. Wallahi ban lura ba."

"Ba ka lura ba." Yaya ya yi dariyar da ba daɗi a ciki. "Ka ɗauki sunan uwarmu ka liƙa wa annoba, ka ce ba ka lura ba."

"Haka ake sa musu suna. Da inda aka..."

"To da ka sa mata naka. Auta ɗaya, Auta biyu. Ai kai ka haife ta a cikin ƙwai."

A kan allo matashiyar ta kai ga hoton sauro, an zuƙo shi ya cika fuska.

"Ka kira masu seminar ka ce ba ka da lafiya," in ji Yaya.

"Ba zan iya ba."

"To ka goge sunan."

Ƙwanƙwasa ɗaya aka yi, ƙofa ta buɗe. Farfesa ce, shugabar ɗakin gwajin, da kofin shayi a hannu. Ita ma takalmin ta fara gani. Ta ɗaure fuska, sannan ta dubi mai shi.

"Wannan ne mai gonar?"

"Yayana ne, ranki ya daɗe."

"Sannu da zuwa. Na ga fostar yanzu, na san me ya kawo ka." Ta juya kan Auta. "Wannan sakacinka ne, kuma nawa ne, tunda ni na duba taken ban ce komai ba. Cire sunan daga jawabin, ka sa lamba. Ana yin haka. Ba aikinmu ba ne mu tona asirin mai kiwo a gaban duniya."

Yaya ya saki fuska karon farko.

"Allah ya ƙara girma. Kin ji mai hankali."

"In dai hukuma ta sani, sauran duniya ba ruwanta da sunan gona," Farfesa ta ci gaba. "Ka ce min mai gonar zai kai kansa ofishin lafiyar dabbobi. An je ai?"

Auta ya dubi Yaya.

"An je," in ji Yaya.

"Madalla. Ka gyara kafin a kira ka. Kuma ka ɗaga murya, kada ka yi musu wannan gunagunin naka." Ta kai bakin ƙofa ta waiwayo. "Malam, in za ka fita, a bar takalmin nan a nan. Za a ba ka silifas."

Ta fita.

Auta ya jawo kwamfutar. Ya goge Albarkar Umma daga shafin farko, ya rubuta lamba a gurbin. Hannunsa na aiki, amma kansa na wani wuri.

Ranar da sakamako ya fito, shi da kansa ya je ya faɗa wa Yaya. Doka ce a sanar da hukuma, hukuma kuma in ta zo, kashe kajin take yi gaba ɗaya ta binne. Yaya ya riƙe hannunsa a bayan ɗakin abincin kaji ya roƙe shi. Ya ce ba ni lokaci. Zan kulle gonar, ko ƙwai ɗaya ba zai fita ba. Ni zan kai kaina, kada a ce kama ni aka yi. Auta ya yarda.

"Yaushe ka je?" ya tambaya, bai ɗago ba.

"Ina?"

"Ofishin."

"Ka gama gogewar?"

"Wa ka samu a can? Na san su duka."

"Kai ɗan sanda ne?"

Auta ya ɗago. Sai yanzu ya kalli wansa da kyau. Ƙananan gashin kaji a kafaɗar riga da cikin gashin kai. Sabon karce a bayan hannu, jinin bai gama bushewa ba. Shatin igiya ja a tafin hannu. Yaya yana da ma'aikata. Rabonsa da kama kaza da hannunsa tun gonar tana ɗaki ɗaya.

"Me ka loda yau, Yaya?"

Yaya ya sa hannun a aljihu.

"Buhunan abinci."

"Buhu ba ya karce."

"To, tunda ka zama boka, ka ƙarasa."

"Ka fitar da su."

"Masu lafiya na fitar. Na tsaya da kaina na zaɓa, ɗaya bayan ɗaya. Duk wadda ta yi laushi na bar ta. Waɗanda suka tafi, tsaye suke da ƙafarsu, suna ci suna sha."

Auta ya saki kwamfutar, ya juyo gaba ɗaya.

"Ina aka kai su?"

"Kai ka jawo. Da ina zaune lafiya, ƙofa a kulle, ina tunanin yadda zan yi. Sai ga hotonka kana washe baki a guruf. Na san kafin yamma masu fararen kayan hukuma za su dira min. In zauna in naɗe hannu su haƙa rami su zuba duk abin da na tara?"

"Ina aka kai su, Yaya?"

"Kasuwa. Ina ake kai kaji?"

"Wacce?"

Yaya ya juya kai yana kallon kwalaye.

Auta ya miƙe. Bai ɗaga murya ba. Dama ba ya ɗagawa.

"Waɗanda ka zaɓa ɗin, ruwa ɗaya suka sha da matattun. Cutar tana jikinsu. Yau suna tsaye, jibi su kwanta. Kafin nan sun zauna keji ɗaya da kajin mutane. Wani ya saya ya kai gida ya saki cikin nasa. Masu figa su figa da hannu, ba safa, ba takunkumi. Wannan nau'in ba irin na da ba ne, Yaya. Abin da zan faɗa musu yau ke nan. Ta fi kama jiki, kuma ba mu san inda za ta tsaya ba."

"Ka gama laccar?"

"Ka kira direban ya juyo."

"Ya juyo ina? Ramin?"

"Gona. Sai mu je ofishin tare, ni da kai. Zan tsaya maka. Suna biyan diyya in mutum ya kai kansa."

"Diyya." Yaya ya tofar da kalmar. "Tambayi wanda aka kashe wa kaji bara, ka ji ko ya gani a ido."

"Ko ba su biya ba."

"Eh, kai ai ba ka da asara. Kai jawabi za ka yi, a tafa maka." Ya matso, ya rage murya. "Wannan farar rigar da ka rataye, daga ina ta fito? Da ƙwan nan ka yi karatu, Auta. Ni na bar makaranta na shiga kashin kaji don kai ka zauna a aji. Ban taɓa goranta maka ba, yau ne farko. Abu ɗaya na roƙe ka, ka yi shiru."

"Na yi shirun ai. Ga inda ya kai mu."

"Umma ba ta san komai ba. Hawan jininta ka sani. In ta ji an kashe gonar, ta ji ɗanta ne ya nuna, kai za ka ɗauke ta zuwa asibiti."

Wannan ta shige shi. Ya tsaya yana kallon ƙasa, inda takalmin Yaya ya bar shati.

Daga kwamfuta aka ji tafi, irin na intanet, guntu-guntu. Matashiyar ta gama. Muryar mai jagorantar zaman ta fito, tana godiya, tana cewa yanzu za a koma kan kaji, ga wani matashi da aikinsa ya ja hankalin kwamiti.

Auta ya zauna. Ya gyara wuyan riga.

"Ka kira direban, in bar lambar," ya ce. "In ba ka kira ba, zan mayar da sunan."

"Barazana kake min?"

"Faɗa maka nake yi, don kada ka ce ban faɗa ba."

Yaya ya jawo wani kwali ya zauna a gefe, inda kyamara ba ta kaiwa. Ya harɗe hannuwa.

"Mayar in gani. Ina nan zaune. Ina so in ga bakin da zai faɗa."

Auta ya goge lambar. Ya rubuta Albarkar Umma, harafi bayan harafi. Ya kunna kyamara, ya kunna makirfo.

Ƙananan fuskoki suka cika allon. Wasu a ofis, wasu a mota, wani da jariri a kafaɗa. Can a kusurwa Farfesa da kofinta. Da shafin farko ya bayyana, ya ga ta ajiye kofin.

Ya yi sallama ƙasa-ƙasa. Ya yi gyaran murya ya sake.

Ya fara da hoton kajin. Ya nuna yadda ya ɗauki samfur, yadda ya huda ɓawon ƙwai ya zuba, yadda 'yan tsakin ciki suka mutu da wuri fiye da yadda aka saba gani. Ya nuna inda ƙwayar cutar ta sauya, wuri ɗan ƙarami a jikinta, da abin da sauyin zai iya nufi. Tun yana kallon madannai har ya koma kallon kyamara. Duk inda sunan ya zo, ya faɗe shi. Bai tauna ba, bai yi sauri ba.

A gefensa Yaya bai motsa ba. Numfashinsa kawai ake ji.

Saƙonni suka fara gudu a gefen allo. Aiki mai kyau. A turo mana bayanan. Wani dattijo da Auta ya sha karanta rubuce-rubucensa ya ɗaga babban yatsa. Da wata rana ce, da wannan kaɗai ya ishe shi murna har wata.

Ya rufe da godiya ga Farfesa da abokan aiki. Mai jagorantar zaman ta ce a yi tambaya.

Hannu na farko da ya tashi, Auta ya san mai shi. Likitar dabbobi ce, babba a ofishin da Yaya ya ce ya je. Ta kunna kyamararta. Ba ta yi murmushi ba.

"Na gode da jawabi. Tambayata ba ta kimiyya ba ce. Wannan gonar a yankina take, kuma yau na fara jin labarin nan, a fosta. Za mu yi wannan maganar daga baya. Yanzu abu ɗaya nake so in sani. Kajin da suka rage, a killace suke?"

Fuskokin allo suka tsaya cak. Farfesa ta matso kusa da kyamararta.

"Ina neman afuwa, a ɗan ba ni lokaci," in ji Auta.

Ya kashe makirfo. Ya duba ya tabbata ya mutu. Ya juya.

"Ka ji ta."

"Ka ce eh." Muryar Yaya ta dushe. "Kalma ɗaya ce, Auta. Ka ce eh, gobe mu san yadda za mu yi."

"Ba zan ce ba."

"Don girman Allah."

"Ka kira shi ya juyo, sai in ce suna hanyar komawa gona. Wannan gaskiya ce, zan iya faɗa. Ita kaɗai ta rage da zan iya yi maka."

Yaya ya daɗe yana kallonsa, kamar yau ya fara ganinsa. A allo mai jagorantar zaman tana tambaya ko intanet ne ya yanke.

Sai Yaya ya zaro wayar. Ya lalubo lambar direban. Ya sa a lasifika, ya ajiye ta kan gwiwa.

Ta yi ta ƙara. Aka ɗauka. Hayaniya ta cika ɗan ɗakin, kukan kaji, hon ɗin babura, wani na kiran wani.

"Oga."

"Kana ina?"

"Kasuwar bayan tasha mana, inda ka ce."

"Kada ka sauke. Ka juyo da motar gona yanzu."

"In juyo da me, Oga? Ai tun ɗazu aka sauke. Dillalai sun rarraba, ko zama ba su yi ba. Kaya masu kyau ka bayar, har masu figa sun ɗora ruwa. Wanke motar ma nake yi."

Direban ya yi ta cewa Oga, Oga, kana ji na, har wayar ta zame daga gwiwa ta faɗi kan kwali.

Auta ya juya ga allon. Ya kunna makirfo.

"Likita, ba a killace suke ba. An fitar da su yau. Suna kasuwar kaji ta bayan tasha, an riga an rarraba wa dillalai. In da hali a rufe ƙofar kasuwar yanzu, kada kaza ta fita, kuma a tsayar da masu figa. Motar da ta kai su ma tana can, kada a bar ta ta tafi."

Likitar ta riga ta ɗauki wata wayar ta kara a kunne. Ta yi magana da wani a gefe, gajeru-gajeru, sannan ta dawo.

"Ina buƙatar mai gonar. Shi ya san dillalan da ya ba. A ina zan same shi?"

Auta ya dubi gefe.

Yaya ya girgiza masa kai, a hankali, idonsa ya yi ja.

"Yana nan tare da ni," in ji Auta.

Ya kama gefen kwamfutar da hannu biyu, ya juya ta.